Wylie McKissock: likitan da ya gwada wuƙarsa, ya tarar ba kullum take ceto ba

A Nima ko Maamobi da wuya a sami layin da ba a taɓa fitar da wani dattijo ko wata uwa da asuba ba, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, a nufi Korle Bu da gaggawa. Shanyewar ɓarin jiki ke nan, abin da a Yamai da Lome ake kira AVC. Idan hoto ya nuna jijiya ce ta fashe jini ya taru a ƙwaƙwalwa, sai dangi su shiga haɗa kuɗi, a kira ɗan da ke Kumasi da 'yar da ke Jamus, ana jiran ranar tiyata. Sai kuma likita ya ce ba za a yi aikin ba, za a sauke hawan jinin a sa wa mara lafiya ido. Da yawa kan ɗauka an raina su ne don ba su da hali. Amma wannan shawara tana da asali, kuma asalinta yana komawa ga wani likitan Ingila da ya mutu a 1994.

An haifi Wylie McKissock a garin Staines, kusa da Landan, ranar 27 ga Oktoba 1906. Ya yi karatun likita a asibitin St George's, ya kammala a 1930. A lokacin tiyatar ƙwaƙwalwa sabuwar sana'a ce, masu yin ta ba su da yawa, don haka sai da ya je Stockholm ya ga aikin Herbert Olivecrona, sannan ya wuce Amurka ya ƙaro ilimi. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe masa hanya. Ana ta kawo waɗanda suka ji rauni a ka, shi kuma ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin Atkinson Morley da ke Wimbledon, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin mafiya yawan aiki a ƙasar. An san shi da saurin hannu da tsananin tsari.

Saurin nan ne kuma ya bar masa tabo. A shekarun 1940 da 1950 an yi yayin wata tiyata ta masu taɓin hankali, inda ake huda ƙoƙon kai a yanke wasu jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa don mutum ya lafa. McKissock ya yi ta kusan sau 3,000, fiye da kowane likita a Birtaniya. Yakan zagaya asibitocin mahaukata na kudancin Ingila da Wales a ƙarshen mako, ya yi wa mutane da dama a zama ɗaya ya wuce. Wasu sun lafa, gaskiya ne, amma da yawa sun koma kamar inuwar kansu, babu kuzari babu sha'awar komai, wasu kuma sun mutu. Ba a taɓa auna aikin da ma'auni na gaskiya ba kafin a baza shi. Duk wanda zai yabi mutumin nan, dole ya fara da wannan.

Abin mamaki, shi ɗin ne ya zo ya yi abin da likitocin fiɗa na zamaninsa ba su saba yi ba. Da shi da abokan aikinsa Alan Richardson da Julien Taylor suka ɗauki mutum 180 da jini ya zuba musu a cikin ƙwaƙwalwa, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba bisa son ran likita ba. Aka buɗe kan 89 aka kwashe jinin, aka bar 91 a kan jinya da kulawa kawai. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 1961. Cikin waɗanda aka yi wa tiyata kusan biyu cikin uku sun mutu, cikin waɗanda aka bari kuwa kusan rabi. Mutumin da wuƙa ce abincinsa ya fito ya nuna wa duniya cewa a wannan cuta wuƙarsa ba ta ƙara komai ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Jinin hawan jini yakan fashe ne a can ƙasan ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar farko tana faruwa cikin mintuna. Kafin likita ya isa wurin sai ya ratsa lafiyayyen nama, ya ƙara rauni a kan rauni.

Gwajin nasa yana da gurgunta. A 1961 babu na'urar da ke nuna cikin kai kai-tsaye, sau da yawa likita kan shiga ne da kintace. A asibitinsa na Atkinson Morley aka fara ɗaukar hoton kan mara lafiya da na'urar CT, a Oktoban 1971, shekarar da ya yi ritaya. Sai mutane suka ce to yanzu da ake gani, tiyata za ta yi nasara. Aka sake gwaji mai suna STICH a ƙarƙashin David Mendelow na Newcastle, da mutum 1,033 a ƙasashe 27. Sakamakon 2005 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun farfaɗo da kyau, waɗanda aka fara da jinya kuma kashi 24. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

Wannan ba ya nufin an jingine wuƙa. Idan jinin ya taru da yawa a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, likitoci sun yarda tiyatar gaggawa ce ke ceton rai. Haka idan ruwa ya toshe yana matse kai. A 2024 kuma gwajin ENRICH na Amurka, da mutum 300, ya nuna amfanin zuƙe jinin ta ƙaramar kafa, musamman idan yana kusa da saman ƙwaƙwalwa.

Mu a nan batun ya fi shafar mu fiye da Turawan da suka fara shi. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Ghana da Najeriya, ciki har da na Accra da Kumasi da Kano da Zariya, ya gano a 2018 cewa kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki a yankinmu fashewar jijiya ce ta same su, kuma hawan jini ne ke bayan mafi yawansu. Na'urar awon jini da ke asibitin unguwa ta fi kusa da mutumin Zango fiye da ɗakin tiyata.

Sarauniyar Ingila ta ba McKissock lambar girma ta Sir a 1971. Ya bar Landan ya koma yankin Gairloch a arewa maso yammacin Scotland, inda ya duƙufa kan aikin lambu. Ya mutu ranar 3 ga Mayu 1994 yana da shekara 87. A 2003 aka rufe tsohon asibitin na Wimbledon, aka mayar da sashen da ya kafa cikin St George's, inda ya yi karatun likita.