Byang Kato: Ɗan Jaba, Bawan Almasihu

An haifi Byang Henry Kato a watan Yuni na 1936 a Kwoi, ƙasar Jaba, cikin Jihar Kaduna ta yau. Tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya gaji aikin tsafin gidansu. Wato tun bai san dama da hagu ba, an riga an yanke masa abin da zai zama.

Yana ɗan shekara 12, a makarantar mishan ta SIM, ya ji labarin jirgin Nuhu, ya gane shi ma yana bukatar mafaka, sai ya ba da ransa ga Yesu. Mahaifinsa ya husata ƙwarai, har da duka, amma yaron bai ja da baya ba. Daga baya iyayen nasa ma suka karɓi bishara.

Ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a Igbaja, ya auri Jummai a 1957, sa'an nan ya tafi Landan, inda ya sami digiri a 1966. A 1967 aka zaɓe shi Babban Sakataren ECWA, ya zauna a Jos yana hidima cikin shekarun yaƙin basasa. Bayan haka ya yi digirin dakta a Dallas ta Amurka, kuma a 1973 ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe Babban Sakataren Ƙungiyar Masu Bishara ta Afirka da Madagaska, a Nairobi.

A zamanin nan wata tambaya ta dami masu bi: shin wanda ya bi Almasihu ya sayar da asalinsa ke nan? Waɗansu masana suka ce sai an koma addinin kakanni kafin baƙar fata ya san kansa. Kato ya san wannan addini daga ciki, ya kuma san tsoron da ke cikinsa. Ya koyar cewa mutum ba ya samun ainihin kansa sai a gaban Mahaliccinsa, ta wurin Almasihu. Harshe da kiɗa da sutura da zumunci kuwa kyautar Allah ne, a riƙe su, amma Maganar Allah ce za ta auna su. A 1975 ya wallafa littafinsa a kan ramukan da ke gaban tauhidi a Afirka.

A ranar 19 ga Disamba 1975 ya nutse a teku kusa da Mombasa, yana da shekara 39. Makarantun tauhidin da ya yi fatan gani sun tsaya daga baya a Bangui da Nairobi, ɗakin karatu na makarantar tauhidi ta ECWA a Jos kuma yana ɗauke da sunansa.

Iyaye, 'ya'yanku za su tambayi kansu su wane ne. Ku nuna musu Wanda ya san su tun daga ciki.