Seini Kunce da samariya: sojan da ya mai da gayya aikin gwamnati

A garuruwan Adar da Majiya, idan hira ta yi daɗi tsakanin dattawa, da wuya a watse ba a taɓo zamanin samariya ba. Wannan ya nuna ajin lakwal da suka buga wa tubali da hannunsu, wancan ya tuno ranar da aka kwashe su cikin babbar mota zuwa Tawa wajen gasar rawa da waƙa, wani kuma ya yi shiru, don shi abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda ake bin gida gida ana neman wanda bai fito aiki ba. Dukansu mutum ɗaya suke tunawa, Janar Seini Kunce, wanda ya riƙe Nijar daga 1974 har rasuwarsa a 1987.

An haifi Kunce a shekarar 1931 a Fandu, cikin ƙasar Zabarmawa ta Tondikandiya, a gidan sarauta. Bai daɗe a gaban iyaye ba. Tun yana yaro aka kai shi makarantar horon ƴaƴan soja ta Kati, kusa da Bamako, daga nan aka wuce da shi Saint-Louis ta Senegal. A 1949 ya shiga sojan Faransa, ya ga yaƙin Indocin, ya ga na Aljeriya. Bayan samun ƴancin kai ya dawo cikin rundunar Nijar a 1961, ya yi ta hawa har shugaba Jori Hamani ya ba shi jagorancin rundunar baki ɗaya a 1973. Sai an riƙe wannan kafin a gane abin da ya biyo baya: mutumin bai yi samartakarsa a dandali ba, a bariki ya yi ta, inda ƙaho ke tada mutum, layi ke daidaita shi, kuma ba a tambayar kurtu ra'ayinsa.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Jori. Ƙasar na cikin shekara ta shida ta fari, dabbobi sun ƙare, kuma maganar da ke bakin kowa ita ce cimakar taimako ba ta isa ga masu jin yunwa. An kashe mutane a wannan dare, cikinsu har da Hajiya A'isa, matar shugaban ƙasa. Kunce, yana da shekara 42 da muƙamin laftanan-kanal, ya rushe majalisar dokoki, ya soke jam'iyyar PPN-RDA, ya sa motocin soja rabon hatsi a karkara. Wannan rabon ne ya fara saya masa zukatan talakawa.

Amma wanda ya rushe jam'iyya ya rushe gadar da ke tsakaninsa da jama'a. Soja ƴan dubbai ba za su isa kowane ƙauye ba. Sai Kunce ya nemi wasu hannuwa: ya jawo sarakunan gargajiya, aka kafa ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa a 1974, ta mata a 1975. Matasa kuwa, maimakon ya ƙirƙiro masu sabon abu, sai ya waiwayi wanda ya tarar a ƙasar Hausa.

Samariya ta girmi Kunce, ta girmi zuwan Nasara. Kowane gari yana da sarkin samarinsa da shugabar ƴan mata, da masu muƙamai da ke kwaikwayon fada, waziri da galadima da alƙali. Su ke shirya gayya a gonar wanda ciwo ya kwantar ko ta surukin abokinsu, su ke yashe rijiya, su ke tarbar baƙin wasa da kokowa bayan kaka. Suna da tararsu, goro ko ƴan kuɗi, ga wanda ya saɓa. Sarkin gari yana sa albarka, amma samari su suka san wanda suke bi. Jam'iyyun shekarun 1950, RDA da Sawaba, sun riga sun gane amfaninta, kowace ta ja ta wajen yaƙin zaɓe, bayan haka ta yi sanyi a ƙarƙashin matasan jam'iyya ɗaya.

Akwai wani tsarin matasa a ƙasar a lokacin, wato sikawut, wanda ya shigo Nijar a 1947. Asalinsa daga wani hafsan Ingila ne, Baden-Powell, wanda a 1907 ya kai yara kimanin 20 wani tsibiri, ya kasa su gida huɗu, ya ɗora yaro a kan kowane kashi. Sirrin abin ke nan: yaro ya shugabanci ƴan'uwansa shida ko bakwai, babba ya koma gefe yana kallo, kuma ba a sa kowa shiga dole. Wanda ya san samariyar gargajiya ba zai ga wani baƙon abu a nan ba. Sai dai sikawut a Nijar ya tsaya wajen ƴan lakwal na birane, masu kaki da ƙyalle a wuya, alhali mafi yawan yaran ƙasar ba su taɓa shiga aji ba. Kunce yana neman abin da zai kai har tungar da ba ta da allo ko ɗaya, kuma samariya ce kaɗai ke can.

Daga tsakiyar shekarun 1970 aka ɗinke ta daga ƙasa har sama: ta unguwa da ta ƙauye, ta kanto, ta gunduma, ta jiha, har majalisar ƙasa a Yamai, ƙarƙashin ma'aikatar matasa. Aikin da aka yi kuwa ba a iya musunsa. An gina azuzuwa da gidajen samariya, an share tituna da kasuwanni, an gyara hanyoyin da ruwa ya cinye, an noma gonakin haɗin gwiwa. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, bikin ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace. A wannan shekarar aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kuma daga 1976 aka soma babban bikin matasa da ke zagaya manyan biranen jihohi. Ɗan Buza da bai taɓa wuce Madawa ba ya kwana ɗaki ɗaya da Babarbare daga Difa da Buzu daga Agadas. A ƙasa mai faɗin Nijar, wadda hanyar kwalta ba ta gama ratsa ta ba a lokacin, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganina shi ne mafi ɗorewa cikin duk abin da samariya ta bari.

Gardamar ta soma ne daga tambaya guda: wa ke zaɓen sarkin samari? Da muƙamin ya zama ƙofar ganin kumandan da karɓar baƙin gwamnati, sai ya fi ƙarfin yara. A wurare da dama ya faɗa hannun attajiri, ko ɗan sarki, ko tsohon ɗan jam'iyyar da aka soke wanda ya sake riga kawai. Aka wayi gari ana ganin sarkin samari mai furfura da jikoki, yana zaune a kujera cikin inuwa, samarin suna ɗaukar yashi. Masu kare tsarin suna cewa yaro ba ya iya tara gari, kuma ba ya da kuɗin ciyar da baƙi. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ba kai ka ɗora ba, ba ka iya sauke shi, kuma a nan ne samariya ta rasa abin da ya sa take da daɗi tun asali.

Sai maganar tilas. Gayya ana kiranta ne, a dafa fura da tuwo, makaɗi ya zo, wanda aka yi wa yau shi ma gobe ya je. Idan umarni ya fito daga ofishin kumandan, da ranarsa da adadin mutanen da ake so, sunan bai sake ba amma ɗanɗanon ya sake. Tsofaffin da suka ga aikin dole na zamanin Nasara, wanda ba a soke ba sai a 1946, ba su buƙaci a yi masu bayani ba. Ga kuma kwanakin da ake ɓatawa ana jeruwa bakin hanya cikin rana, ana jiran tawagar da za ta wuce cikin ƙura. Iyaye da malamai da dama sun ƙi barin ƴan mata su je koyon rawa da dare, ko su yi tafiyar kwanaki da maza. Hatsin gonar samariya da kuɗin karo-karo ma sun sha haddasa rigima, don ba kullum ake sanin inda suka shiga ba.

A ƙasarmu ta Adar akwai wata matsalar da tsarin Yamai bai lissafa da ita ba: da an gama girbi samari sun tafi biɗa, wasu Najeriya, wasu Abijan. Watannin rani, lokacin da ake da sararin aikin gari, su ne watannin da garin ba shi da samari. Shi ya sa manyan ayyukan gyaran ƙasa biyu da yankin ke alfahari da su suka bi wata hanya. A kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, a 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka soma dasa dogon yaro layi bibbiyu, tsakanin wannan jeri da wancan kimanin mita 100, don karya iskar da ke kwashe ƙasar gona. Mutanen garuruwan ne suka yi dashen, aka sa masu gadi, aka hana kiwo na wasu shekaru. Makiyaya da mata masu awaki su suka biya wannan farashin, kuma da itatuwan suka girma sai aka shiga wata muhawarar, ta wanda ke da ikon sara: mai gona, ko gari, ko gwamnati.

A Keita kuma, babban aikin da Italiya ta ba da kuɗinsa, hukumar FAO ta gudanar, ya soma a 1984, shekarar yunwar da aka laƙaba wa sunan El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya. An jera duwatsu a kan fako da dabagi, an haƙa ramuka a jikin tuddai, an datse ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu ɗaukar dutsen nan mata ne, kuma ana biyansu da cimaka ta hannun hukumar PAM. Ba kiɗa ne ya fito da su ba, ba tsoron kumandan ba ne, mudu ne. A wannan shekarar, cikin watan Mayu, Kunce ya tara ƙasar a Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka ɗauki alkawarin cewa kowane gari zai yi dashensa.

Shi kansa mutumin, ko maƙiyansa sun shaide shi da aiki. Yakan faɗo wa ma'aikata da sassafe ba sanarwa, ya tarar da kujerun da masu su ba su iso ba, kuma ministan da aka kama da taɓa dukiyar ƙasa ya san makomarsa. Mu da muka yi wayo a ƙarshen mulkinsa mun tashi muna jin manya na rage murya idan za su ambaci sunansa, ko a tsakar gida. Tsoron yana da tushe. Mataimakinsa Sani Suna Siddo, wanda aka kama a 1975, a tsare ya mutu. Bayan yunƙurin juyin mulki na Maris 1976 an harbe mutane, cikinsu har da Musa Bayere da jagoran ƙwadago Ahmed Mudur. Jori Hamani da Jibo Bakari, abokan hamayyar juna, duka sun yi shekaru a kulle. Ofishin leƙen asiri na BCL yana da kunne ko'ina, kuma an ɗora wa samariya ma aikin sa ido kan baƙon fuska da mai baƙar magana. Abin mamaki, mutumin da ya fi kusa da shi a wannan fanni, Amadu Umaru Bonkano, shi ya nemi kifar da shi a Oktoba 1983, lokacin da ya tafi taro Faransa.

Matasan da suka ƙi shiga layi kuwa, wato ɗalibai na ƙungiyar USN, ba su ga fuskar wasa ba. Su suna kallon samariya a matsayin ƴan amshin shatan soja, gwamnati kuma tana nuna su ga talakawa a matsayin ƴan gata marasa godiya. A yajin 1983 an kwashi ɗalibai da yawa zuwa barikin Tondibiya, ɗaya daga cikinsu bai fito da rai ba.

Tun 1979 Kunce ya so ya mai da wannan tsari gaba ɗaya ya zama madadin jam'iyyu, abin da ya kira Société de développement. Ƙafafunsa biyu ne, samariya da ƙungiyoyin haɗin kan manoma, sai majalisun shawara tun daga ƙauye har ta ƙasa, wadda aka kafa a 1983. Amma kuɗin yuraniyom na Arlit, da suka ɗauki nauyin gine-gine da bukukuwan shekarun 1970, sun soma ja da baya tun farkon shekarun 1980, bashi ya taru, fari ya dawo. Sannan ciwo ya kama shi a ƙwaƙwalwa. A watan Yuni 1987 aka kaɗa ƙuri'ar amincewa da kundin da ya tsara wa ƙasar, a lokacin yana yawan zuwa jinya waje. Ya rasu a wani asibitin Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987 yana da shekara 56, aka kai shi Fandu aka rufe.

Ali Shaibu da ya gaje shi ya saki fursunonin siyasa, ya sassauta riƙo, kuma a 1989 ya zuba samariya cikin jam'iyyarsa ta MNSD. Daga ranar da aka daina jin tsoro, fita aikin gari ta ragu. Da guguwar jam'iyyu ta taso, aka yi babban taron ƙasa a 1991, sai sarakunan samari suka rarrabu, kowa ya bi tutar da ta yi masa, ƴan baya kuma suka koma fada, inda ake shan shayi ana jiran ɗan takara. Ƙungiyar sikawut ta Nijar, wadda ba ta taɓa samun gatan da samariya ta samu ba, ta ci gaba da ƴan tsirarun yaranta, har ta shiga ƙungiyar duniya a 1996.

Babban filin wasa na Yamai yana ɗauke da sunan Kunce. Gidajen samariya kuwa, wasu sun zama wurin biki, wasu shaguna, wasu sun rushe. A Majiya, mai tafiya daga Buza yana hango jerin dogon yaro tun daga kan tudu, wasu layukan da giɓi inda gatari ya wuce.