Dokta Andrew Stirrett, Bature Mai Magani: Aminci Cikin Aikin Yau da Kullum

Idan ana ba da tarihin zuwan bishara ƙasar Hausa, sunan Dokta Andrew Park Stirrett ba ya ɓacewa. Mutanen Arewa sun fi saninsa da Bature Mai Magani. Abin da ya sa muka kawo tarihinsa shi ne, sunansa ya tsaya ne a kan ƙananan ayyukan da ya yi ta maimaitawa kowace rana har shekara 46.

An haifi Stirrett a ƙasar Kanada a shekarar 1865. Ya koyi aikin haɗa magani, ya kafa kasuwancinsa a birnin Toronto, yana kuma samun rufin asiri. A lokacin nan labarin da ke fitowa daga ƙasarmu mai sa sanyin gwiwa ne. A 1893 samari uku, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas da nufin kai bishara cikin ƙasa. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida, shi ma da ciwo. Duk da haka Stirrett ya sayar da shagunansa, ya ba mishan dukiyarsa, ya iso Najeriya a 1902 yana da shekara 37. Ya fara zama a Patigi, ƙasar Nufawa, a bakin kogin Kwara, inda mishan ɗin da aka sani da SIM ya kafa tasharsa ta fari. Daga baya ya yi aiki a Wushishi, sannan ya yi shekarunsa na ƙarshe a Jos.

Aiki na farko da za mu duba shi ne shan kwinin. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da 'yan mishan da yawa, wasu ya kai su kabari. Stirrett ya nace wa abokan aikinsa su sha kwinin kowace rana, ko suna jin ciwo ko ba sa ji. Maganin ɗaci ne da shi, kuma ba wanda zai yaba wa mutum don ya haɗiye shi. Amma wannan horo ya taimaka ƙwarai wajen rage mace-mace, har ma'aikata suka daɗe a bakin aiki, suka koyi harsunan mutane.

Na biyu, duba marasa lafiya. Wanke gyambo da ɗaure shi da auna magani aiki ne iri ɗaya jiya da yau. Daga nan ne ya sami sunan da ya bi shi har ƙarshen ransa, kuma mutane da yawa sun yarda su saurare shi domin sun riga sun ga hannunsa a kan ciwonsu.

Na uku, aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa. Stirrett yana cikin waɗanda suka yi aiki tare da Dokta Walter Miller na Zariya, har aka buga cikakken Littafin a 1932. Aikin fassara zama ne na shekaru a kan tebur, ana auna kalma ɗaya-ɗaya, ana gogewa, ana sake rubutawa. Duk lokacin da muka buɗe Littafi da Hausa a majami'a, muna cin amfanin wannan haƙuri.

Na huɗu, wa'azi a kasuwa. Ya mai da shi al'adarsa ta kullum, musamman a kasuwar Jos, har cikin tsufansa. Masu rubuta tarihinsa sun ƙiyasta cewa ya yi wa'azi kusan sau 20,000. Idan muka raba wannan a kan shekarun hidimarsa, za mu ga ya fi sau ɗaya a rana. Ya rasu a Jos a 1948, yana da shekara fiye da 80. Bayan shekara shida, a 1954, ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA.

'Yan'uwa, a yau muna ganin matasanmu suna raina ƙaramin aiki, kowa yana jiran babbar dama ko muƙami. A ikilisiya ma, masu son riƙe makirufo sun fi masu son riƙe tsintsiya yawa. Amma Ubangijinmu Yesu ya yi shekaru yana aikin kafinta a Nazarat kafin ya fara hidimarsa a fili (Markus 6:3), Manzo Bulus kuma ya ɗinka tanti da hannunsa a Koranti (Ayyukan Manzanni 18:3). Luka 16:10 yana koya mana cewa a kan ƙaramin abu ake gane mai aminci, Kolosiyawa 3:23 kuma yana umartarmu mu yi kowane aiki da zuciya ɗaya, domin Ubangiji muke yi wa.

A Gwandu da Kalgo muna zaune ne a tsakiyar maƙwabta da yawancinsu ba za su taɓa jin wa'azinmu na ranar Lahadi ba. Abin da suke gani shi ne ko malamin makaranta ya shiga aji a kan lokaci, ko mai awo ya cika mudu, ko ma'aikaciyar asibiti ta duba mara lafiya da sakin fuska, ko manomin shinkafa a fadama ya biya 'yan ƙwadago haƙƙinsu. Idan muka yi sakaci a nan, sunan Almasihu ne ke shan zargi.

Saboda haka, bari kowannenmu ya zaɓi aiki guda da ya saba yi da gunaguni, ko sharar majami'a ne, ko dafa tuwon iyali, ko rubuta lissafin baiko, ya yi shi wannan mako da addu'a da kulawa. Ubangiji ya same mu da aminci a inda ya ajiye mu. Amin.