Edwin Link, Mutumin Da Ya Sauko Da Koyon Tuƙin Jirgin Sama Ƙasa

Duk mai kwalekwalen da hazo ya taɓa rutsawa da shi a tsakiyar tafkin Kainji, tsakanin Yelwa da Wara, ya san yadda gabas da yamma kan ɓace wa mutum. Na matuƙin jirgin sama ya fi haka muni, gama in ya shiga gajimare jikinsa kan ruɗe shi, ya ji kamar yana tafiya daidai, alhali kuwa jirgin ya karkata. Wanda ya samo hanyar koyon kauce wa wannan hatsari tun daga ƙasa shi ne Edwin Albert Link.

An haife shi ran 26 ga Yuli 1904 a Huntington, cikin Jihar Indiyana ta Amurka, amma a Binghamton ta Jihar New York ya tashi. Ubansa yana da masana'antar fiyano da sauran kayan kiɗa masu aiki da iska. Link bai gama makarantar sakandare ba, sai ya shiga aiki wurin uban, ya laƙanci sarrafa zugazugi da bututu.

Tun yana saurayi yake sha'awar tuƙin jirgi, amma kuɗin koyo ya yi masa tsada. Saboda haka cikin 1927 ya soma harhaɗa wani akwati mai kujera da sandar tuƙi, da kayan masana'antar ubansa, ya kammala cikin 1929. Akwatin yana zaune ne bisa zugazugi, injin lantarki yana zuƙe iska. In ɗalibi ya motsa sanda, wannan zugazugi ya kumbura, wancan ya motse, sai akwatin ya sunkuya ko ya karkata tamkar jirgi.

Da fari ba a kula shi ba, sai masu wuraren wasa suka riƙa saye don nishaɗi. Link bai karaya ba. Ya ƙara wa akwatin murfi da agogunan tuƙi, yadda ɗalibi zai zauna cikin duhu, ba abin dogaro sai allura.

Cikin 1934 gwamnatin Amurka ta ɗora wa sojojin sama jigilar wasiƙu, ga hunturu, ga tafiyar dare. Cikin 'yan makonni matuƙa 12 suka halaka. Aka gayyaci Link zuwa Newark, ranar kuwa hazo ya rufe gari, har hafsoshi suka fid da rai da zuwansa. Sai ga shi ya sauka lafiya, da taimakon agoguna kaɗai. Sojoji suka sayi akwati 6, kowanne dala 3,500. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, aka horar da matuƙa sama da 500,000.

Bayan yaƙi ya juya ga binciken ƙarƙashin teku. Nan ne ƙaddara ta same shi: cikin Yuni 1973 wani ƙaramin jirgin nutso da ya zana ya maƙale kusa da Key West, ɗansa Clayton da wani abokin aiki suka rasu. Bayan wannan rashi ya duƙufa kan ƙera na'urar ceto. Ya mutu ran 7 ga Satumba 1981.

A yau kwamfuta ta maye gurbin zugazugi a makarantu irin su Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1964. Har ila yau masu sha'awa kan sayi ƙaramin allon Arduino, su haɗa shi da maɓallai da kwamfuta, su gina mazaunin matuƙi a ɗakinsu. Tafarkin Link ke nan suke bi, watau a yi kuskure a ƙasa, inda ba ya cin rai.