MAIKAL FARADE, ƊAN MAƘERIN DA YA FID DA KURAN DAGA MAGANAƊISU

A wannan lamba mun kawo muku tarihin wani mutumin Ingila mai suna Maikal Farade. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, amma duk mai keke da dinamo yana yawo da aikinsa a jikin taya.

An haife shi a shekara ta 1791 a wata unguwa ta kudancin Landan. Ubansa maƙeri ne marar ƙoshin lafiya, don haka gidan na fama da talauci ƙwarai. Lakwal kaɗan ya taɓa: karatu, rubutu da ɗan lissafi. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin wani mai ɗinkin littattafai, ya yi shekara 7 a shagon. Littafin da aka kawo ɗinki, sai ya karance shi kafin mai shi ya zo karɓa. A nan ya gamu da bayanin lantarki, wanda mu muke kira kuran, har ya fara gwaje-gwaje da tsofaffin kwalabe.

A 1812 ya samu damar sauraron darussa 4 na wani babban masani, Hamfiri Debi. Ya rubuta duk abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi da hannunsa, ya aika wa malamin yana neman aiki. A 1813 aka ɗauke shi mataimaki, wankin kwalabe da shirya kayan gwaji. A shekarar ne Debi ya tafi da shi Faransa da Italiya, tafiyar shekara ɗaya da rabi. Matar Debi ta ɗauke shi bara, tare da barori yake cin abinci. Ya haɗiye. A wannan tafiya ya ga Amper a Paris, ya ga Bolta a Milan, shi wanda ya ƙirƙiro pil a 1800.

A lokacin masana da yawa sun ɗauka kuran dabam, maganaɗisu dabam. Sai a 1820 wani malami a ƙasar Danmak, Orsted, ya ga cewa in kuran ya bi waya, allurar nan mai nuna arewa da ke kusa da ita tana karkata. Shekara guda bayan haka Farade ya tsayar da maganaɗisu cikin ƙoƙon zaiba, ya rataya waya ta taɓa zaibar, ya haɗa da pil. Waya ta kama kewaya maganaɗisun ba tsayawa. Wannan ita ce kakar duk injin da kuran ke juyawa. Maimakon yabo sai tsegumi: aka ce dabarar wani masani ya sata. Da aka zo zaɓensa cikin babbar ƙungiyar masana ta Ingila a 1824, Debi da kansa ya yi ƙoƙarin hanawa, amma aka zaɓe shi. A ganinmu kishi ne: malami ya ga yaronsa na shirin wuce shi.

Tambayar da ta rage ita ce: tunda kuran na haifar da ƙarfin maganaɗisu, shin maganaɗisu ba zai haifi kuran ba? Ya gwada sau da dama cikin shekara 10, yana ajiye maganaɗisu kusa da waya, allurar awo ko motsi. Ran 29 ga Agusta 1831 ya ɗauko zoben baƙin ƙarfe, ya naɗa masa waya biyu, ɗaya a kowane gefe, ba sa taɓa juna. Ta farko ya haɗa da pil, ta biyu da allurar awo. Da haɗawa sai allura ta zabura, ta koma ta kwanta. Da cirewa ta sake zabura, amma ta wancan gefe. Tsakanin haɗawa da cirewa kuwa, shiru. A watan Oktoba ya tura sandar maganaɗisu cikin naɗin waya: yana turawa kuran ya zo, yana jawowa ya zo, ya bar shi a ajiye babu kome.

Ashe asirin a motsi yake. Shi ya sa fitilar keke ke mutuwa da zarar ka tsaya: taya ce ke juya ɗan maganaɗisu cikin naɗin waya. Injin mai shan gazuwal haka yake, haka ma manyan injunan madatsar Kainji ta Nijeriya, wadda aka jawo wutarta zuwa Yamai a 1976. Can ruwan Kwara ne ke yin aikin taya. Faranti mai aiki da rana, shi tasa hanyar dabam.

Farade bai iya babban lissafi ba. Yakan barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda bisa maganaɗisu, ya nuna layukan da garin ke jeruwa, yana mai cewa ƙarfin yana bin su cikin sarari. Masu lissafi da yawa suka raina maganar, sai daga baya Makswel, mutumin Sikotilan, ya mai da layukan nan lissafi, kuma daga lissafinsa aka kai ga rediyo.

Sau biyu aka ba shi shugabancin ƙungiyar masana, ya ƙi. Lokacin yaƙin Kirimiya gwamnati ta nemi ya taimaka da iska mai guba, ya ƙi. Shi da matarsa Saratu Allah bai ba su haihuwa ba, amma shekara da shekaru yana tara yara a ƙarshen shekara yana nuna musu kimiyya, har da kyandir guda. Tun 1839 mantuwa ta fara damunsa, ta yi ta ƙaruwa. A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hamton Kot, a nan ya rasu ran 25 ga Agusta 1867, yana gab da cika shekara 76. Ya riga ya ƙi a binne shi a majami'ar Westminista tare da sarakuna, don haka aka kai shi maƙabartar Haigeit a arewacin Landan.