LABARIN BASIL KIRCHIN, MAKAƊIN DA TEKU TA CINYE WA AIKI

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga gidan silima ya san ba hoto kaɗai ke kama zuciyar mai kallo ba. Sa'ad da ɓarawo ya ke sanɗa cikin duhu, a kan ji wani ɗan kiɗa a hankali, sai gaban mutum ya riƙa faɗuwa tun bai ga abin da zai faru ba. Wannan kiɗa kuwa wani ne ya zauna ya tsara shi, amma ba safai mu kan kula da sunansa ba, gama sa'ad da sunan ke wucewa a bango mu muna neman ƙofar fita. Yau ina so in ba ku labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, wani Bature mutumin Ingila, sunansa Basil Kirchin. Da ganga ya fara neman abinci, daga baya ya koma tsara kiɗan silima. Tsakanin sana'ar farko da ta biyu kuwa ya yi wata hasara wadda da wani ta samu, watakila da bai sāke ɗaga kai ba.

An haife shi ran 8 ga watan Agusta, 1927, a Blackpool, wani gari na bakin teku a arewa maso yammacin Ingila, inda ma'aikata su kan tafi shan iska lokacin hutu. Ubansa, Ivor Kirchin, shugaban makaɗa ne. A zamanin nan kowane babban gari na Ingila yana da gidajen rawa, kowane gidan rawa kuma yana da ƙungiyar makaɗansa, mutum goma sha wani abu, waɗansu na busa ƙahonin tagulla, wani na kaɗa piyano, mai ganguna kuwa yana zaune daga baya. Shi ne ke riƙe musu lokaci. In ya yi sauri kowa ya yi sauri, in ya yi tuntuɓe duk ƙungiya ta rikice, masu rawa su tattake wa juna ƙafa.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun Basil bai cika shekara 15 ba ya hau kujerar ganguna cikin ƙungiyar ubansa, a wani gidan rawa da a ke kira Paramount, a birnin Landan. Lokacin nan ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Jamus suna zuba wa birnin bom da dare. Duk da haka mutane ba su daina rawa ba, sojan da ya samu hutun kwana biyu ma ya fi kowa son ta. Yaron nan ya kan yi wajen sa'a takwas kowace rana yana kiɗa. In an tashi, sai ya gangara tashar jirgin ƙasa ta Warren Street, wadda ke can ƙarƙashin ƙasa, ya kwana tare da ɗaruruwan mutanen da su ke ɓuya a wurin don tsoron bom. Makarantarsa ke nan.

Da yaƙi ya ƙare, sai ya bar ubansa ya shiga yawon sana'a. Ya yi wa Harry Roy kiɗa, da Teddy Foster, da Jack Nathan, har da Ted Heath, wanda ƙungiyarsa ta fi kowace suna a Ingila a zamanin. Cikin 1951 ya komo wurin ubansa, suka riƙa jan ƙungiyar tare. Suka shahara da kiɗa mai zafi, musamman irin na ƙasar Kyuba, wanda ganguna suka fi yawa a ciki. Manyan mawaƙan Amurka, kamar Sarah Vaughan da Billy Eckstine, in sun zo Ingila, ƙungiyar Kirchin ce su kan so ta yi musu kiɗa. Kamfanin Parlophone ya buga musu fayafayan garmaho, wanda ya lura da aikin kuwa shi ne George Martin, mutumin da daga baya, tun daga 1962, ya yi aiki da ƙungiyar Beatles.

Akwai wata ɗabi'a ta Basil da ya kamata mu riƙe, gama ita ce tushen sauran labarin. Ƙungiyarsu ta kan yi tafiya da nata kayan ƙara murya, shi kuwa ya kan jona musu rikoda, ya ɗauki kiɗan da suka yi a kan tef, har da na gwaji. Faifan garmaho na lokacin minti uku ne kawai, kuma a ɗaki a ke yinsa, ba jama'a. Amma a kan tef ɗin nan nasa akwai ƙungiyar kamar yadda ta ke a daren da kiɗa ya yi daɗi, jama'a suna sowa. Ya zaɓi mafi kyau ya adana. A wurinsa wannan ita ce dukiya.

Ana nan, sai zamani ya juya. Wajen 1955 wani sabon kiɗa ya ƙetaro daga Amurka, ana ce da shi rok an rol. Samari huɗu ko biyar da gita da ganguna sun isa su cika gidan rawa, mai gida kuwa ya ga biyan mutum biyar ya fi sauƙi bisa biyan goma sha biyar. Manyan ƙungiyoyi suka shiga watsewa ɗaya bayan ɗaya. Su Kirchin ma sun ɗan taɓa sabon kiɗan a fayafayansu, amma abin bai ɗore ba. Shi kansa Basil ya riga ya gaji. Shekara goma sha biyar da ɗoriya yana riƙe wa mutane lokaci, yana kaɗa abin da waɗansu suka tsara. Wajen 1957 ya ajiye sandunansa. In kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke.

Ya tafi Indiya, ya yi wata biyar a wani gidan ibada na mabiyan Ramakrishna, yana neman natsuwa. Daga nan ya nufi Sidini, babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Ostareliya, da niyyar ya zauna ya yi aiki. A nan ne tsautsayi ya same shi. Ana cikin sauke kayansa daga jirgi, an ɗaure an ɗaga sama, sai maɗaurin ya tsinke, kaya suka zube cikin teku. Cikinsu har da tef-tef ɗin nan. Tufafi a kan sayi waɗansu, ganga ma a kan ɗinka wata. Amma ƙungiyar ta riga ta watse, dararen nan kuma ba za su komo ba. Cikin ƙiftawar ido aikin ƙuruciyarsa duka ya tafi, abin da ya rage sai 'yan fayafayan kamfani. Baƙin cikin wannan hasara bai rabu da shi ba har ya mutu.

Cikin 1961 ya komo Ingila, yana da shekara 34, ba ƙungiya, ba dukiya. Ubansa a lokacin yana kiɗa a gidan rawa na Locarno a Hull, garin masunta a gabashin ƙasar. Basil ya riƙa kai da kawowa tsakanin Hull da Landan. Maimakon ya nemi wata kujerar ganguna, sai ya ɗauki alƙalami ya shiga tsara kiɗa da kansa. Dabarar da ya yi kuwa abin mamaki ce. Da ya ke ba wanda ya ba shi aikin silima tukuna, sai ya riƙa ƙaga labari a zuciyarsa, ya ga mutanen ciki da inda su ke, sa'an nan ya tsara wa labarin kiɗa, kamar da ma an riga an ɗauki hoton. Da haka ya koya wa kansa sana'ar tun kafin a kira shi.

Wata ƙofa da ta buɗe masa ita ce ta kamfanin De Wolfe. Aikin wannan kamfani shi ne ya sa a tsara kiɗa iri iri a ajiye, na murna, da na tsoro, da na gudu, kāna masu shirya silima ko talabijin su zo su zaɓa su biya haya. Cikin samarin da suka yi wa Basil kiɗa a wurin har da Jimmy Page, mai gita, wanda ya kafa ƙungiyar Led Zeppelin cikin 1968.

Bari in ɗan bayyana yadda a ke yi wa silima kiɗa, don ku ga inda ganga ta amfane shi. Hoton silima ba ya motsi da kansa. Hotuna ne tsayayyu, guda 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, ido ya ga kamar motsi. Sai an gama ɗauka an harhaɗa a ke kiran mai tsara kiɗa. Shi da mai shirya silimar su zauna su duba, su yanke inda kiɗa zai shiga da inda zai fita, a auna kowane wuri da agogo. In an buɗe ƙofa bayan daƙiƙa 40, to, dole kiɗan ya juya daidai nan, ba gaba ba baya. Ranar ɗauka kuma makaɗa na zaune, hoto na tafiya a bango, mai tsarawa yana kallonsa yana ba su hannu. Ashe mutumin da ya girma yana lissafin lokaci da hannu biyu da ƙafa biyu ya riga ya yi rabin karatun.

Cikin 1965 ya sa hannu a kiɗan Catch Us If You Can, silimar ƙungiyar 'yan rok ta Dave Clark Five, wadda shugabanta shi ma mai ganga ne. Ku duba ikon zamani, kiɗan da ya watsa ƙungiyarsu shi ne ya zo yana ba shi abinci. Bayan wannan wani mai shirya silima, David Greene, ya ba shi aiki sau uku: The Shuttered Room cikin 1967, da The Strange Affair cikin 1968, da I Start Counting. Wadda aka fi tunawa da ita kuwa ita ce The Abominable Dr. Phibes ta 1971, labarin ban tsoro, inda Vincent Price ya fito a matsayin wani mutum mai ɗaukar fansa kan likitocin da ya ke zargi da mutuwar matarsa.

Amma fa duk wannan neman guzuri ne a wurinsa. Abin da ya samu a silima ya kan zuba shi cikin wani aiki dabam wanda ya fi damun zuciyarsa. Cikin 1967 hukumar da ke taimakon masu fasaha a Ingila ta ba shi kuɗi ya sayi rikoda mai suna Nagra, ƙirar ƙasar Suwizalan, wadda a ke ratayawa a kafaɗa. Ya shiga yawo da ita yana ɗaukar kukan tsuntsaye, da na ƙwari, da na dabbobin gidan namun daji na Landan, da ƙarar injuna. Matarsa tana aiki a Suwizalan da yara masu lalurar nan da a ke kira otizim, wadda ke sa magana da cuɗanya da mutane su yi wa yaro wuya. Muryoyin yaran nan, waɗanda mutane da yawa ba su tsaya sun saurara ba, shi ya tsaya ya saurara, ya ɗauke su, ya sa cikin aikinsa.

Ga abin da ya kan yi da sautin da ya tara. In an rage gudun tef da rabi, sauti ya kan yi kauri, tsawonsa kuma ya ninka biyu. In an sāke ragewa, ya ƙara kauri da tsawo. Kukan ɗan tsuntsu da mu ke ji kamar fito ɗaya, in an ja shi haka, sai a tarar ashe muryoyi ne da yawa a jere, suna hawa suna sauka, saurinsu ne ya sa kunnenmu bai rarrabe su ba. Basil ya kan zauna kwana da kwanaki yana sauraro, ya rubuta abin da ya ji, sa'an nan ya kira gwanayen makaɗa, kamar Evan Parker mai busa da Derek Bailey mai gita, su yi kiɗa suna amsa wa tsuntsun ko dabbar.

Ya fitar da wannan aiki cikin faifai mai suna Worlds Within Worlds, watau duniyoyi cikin duniyoyi, kashi na farko cikin 1971, na biyu cikin 1974. Kasuwa ba ta karɓa ba, kaɗan aka sayar. Amma cikin 'yan kaɗan ɗin da suka ji suka fahimta akwai Brian Eno, wanda ya rubuta bayanin da ke bayan faifai na biyu, daga baya kuma ya yi suna ƙwarai da irin kiɗan nan mai sanyi da Turawa ke kira ambiyent. Shi da kansa ya lasafta Basil cikin waɗanda suka share wannan hanya.

Daga nan duniya ta manta da shi. Ya koma Hull ya zauna cikin ƙaramin gida, hannu ba kauri, amma bai daina aiki ba. Kusan shekara 30 yana tsara kiɗan da ba wanda ya tambaya. Sai cikin 2003 wani ɗan ƙaramin kamfani, Trunk Records, ya nemo shi ya fitar da faifansa mai suna Quantum. Samarin da ba a haife su ba sa'ad da aka yi aikin suka ji, suka yi mamaki, 'yan jarida suka fara nemansa. A lokacin ciwon daji ya riga ya kama shi, duk da haka ya ci gaba da aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu a Hull ran 18 ga watan Yuni, 2005, yana da shekara 77. Cikin 2017, shekarar da Hull ta zama birnin al'adu na Birtaniya, aka yi biki na musamman don tunawa da shi.

To, 'yan'uwa, labarin ke nan. Ba zan ce muku hasarar da ya yi a Sidini alheri ce ba, gama shi kansa bai taɓa ganinta haka ba, kuma kiɗan nan ya tafi ke nan, ba mai sāke jinsa. Abin da na gani shi ne, teku ta cinye abin da hannunsa ya yi, amma kunnen da ya koyi sauraro tun yana yaro a bayan makaɗan ubansa yana nan tare da shi, da shi kuma ya sāke gina sana'a tun daga tushe. Ran da kuka sāke shiga silima, ku ɗan dakata kafin ku tashi, ku karanta sunan wanda ya tsara kiɗan.