Jean Rouch: Baturen da ya ɗauki hoton ƴan Hauka, ya rasu a hanyar Tawa

An haifi Jean Rouch a birnin Paris ranar 31 ga Mayun 1917. Ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan gina hanyoyi na gwamnatin mulkin mallaka. A shekara ta gaba tsawa ta kashe masa leburori goma. Wani saurayi ɗan Sarkawa mai suna Damure Zika ya kawo kakarsa Kaliya ta yi hidimar bori a wurin. Abin da Rouch ya gani ranar ne ya juya masa hankali daga gadoji da hanyoyi zuwa nazarin al'adu da silima.

Fim ɗinsa da ya fi tayar da ƙura shi ne "Les Maîtres fous", wanda ya ɗauka a 1954 cikin ƴan cirani na Nijar da ke Accra. Waɗannan su ne ƴan Hauka, da wasu ke kira Babule, iskokin da suka ɓulla a ƙasar Filinge wajen 1925. Idan suka hau mutum, sai ya riƙa tafiya irin ta gwamna ko kwamanda ko kofur, yana faretin soja, bakinsa na kumfa. Da aka nuna fim ɗin a Paris, ɗaliban Afirka sun fusata, suna ganin an maida baƙar fata abin kallo. Malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, Ingila kuma ta hana nuna shi a ƙasashen da take mulka. Duk da haka ya ci kyauta a Venise a 1957. Daga baya Ousmane Sembène ya zarge shi da kallon ƴan Afirka kamar ƙwari.

Maimakon ya tsaya kare kansa, Rouch ya ƙara shigar da abokansa cikin aikin. Su ke ƙirƙirar labari, su ke zance yadda bakinsu ya ga dama. A "Petit à petit", Damure ne ya je Paris yana auna kawunan Faransawa da duba haƙoransu, kamar yadda Turawa suka daɗe suna yi wa mutanenmu. A "Cocorico Monsieur Poulet" na 1974, Damure da Lam Ibrahim Dia da Tallu Muzuran sun fita fataucin kaji a cikin tsohuwar Citroën 2CV. Motar ta mace, su tura, ta sake macewa, har su kwance ta gunduwa-gunduwa don su tsallaka kogin Kwara. Ta hannunsa kuma Umaru Ganda ya fara fitowa a fim, kafin ya zama babban mai shirya silima.

Ranar 18 ga Fabrairun 2004, motar da yake ciki ta yi hatsari kusa da Birnin Konni, a jihar Tawa. Yana tare da matarsa da Damure da Mustafa Alasan, mai shirya finafinan nan da ya zauna a garin Tawa. Su ukun sun tsira. Rouch ya rasu yana da shekara 86. An binne shi a Yamai, inda cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar ta ɗauki sunansa har zuwa 2024.